Ɗan Duniya A Zauren Taro, Baƙo A Garin Haihuwarsa

Jama'a, kusan kowace shekara sai an kira taron ɗalibai na ƙasa da ƙasa a wata jami'a ta Turai ko Amurka, kuma a 'yan shekarun nan abubuwa uku ne ba su fita daga bakin masu jawabi a irin waɗannan tarurruka: zama ɗan ƙasa, da dunƙulewar duniya, da ƙaurar jama'a. Namu samari da 'yan mata na Nijeriya, waɗanda Allah ya ci da su suka sami biza, su ma sukan halarta. Sukan yi kwanaki ana karanta takardu ana tafi, sa'an nan su komo da hotuna, da takardar shaidar halarta, da wani sabon laƙabi da suka koyo, wai su yanzu ba su da iyaka, duk duniya ƙasarsu ce. In ka juya laƙabin nan da Hausa sai ya zama “ɗan duniya”. To, mai karatu na Sabo da Agege da Shagamu ya san irin wanda Bahaushe ke kira ɗan duniya, ya kuma san ba ya so a kira ɗansa haka.

Kada wani ya zaci muna ƙyamar taron ɗalibai ne. Ko kusa. A birnin London a 1925 wani ɗalibi ɗan Abekuta, Ladipo Solanke, da Dokta Bankole-Bright na Saliyo suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, kuma a zaurenta ne da dama daga cikin waɗanda suka yi gwagwarmayar neman mulkin kai suka wasa harshensu. Ɗalibai ne kuma suka yi zanga-zanga a Ikko a 1960 don ƙin yarjejeniyar tsaro da Ingila, har aka soke ta a 1962. Waɗancan sun san inda ɗakinsu ke yoyo, kuma can suka nufa da jinka. Ƙorafinmu da na yanzu shi ne, sukan ƙetare teku su yi kuka a kan wulaƙancin da ake yi wa baƙi a Faransa da Italiya, alhali kuwa sun baro miliyoyin 'yan ƙasarsu a gida waɗanda doka da al'ada suka mai da su baƙi a unguwar da aka yanke musu cibiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari mu kawo misali wanda duk mai karanta wannan shafi ya san irinsa. Ga yaro an haife shi a Sabo ta Badun, unguwar da aka kafa tun 1916. Kakansa ya zo da shanu, ubansa ya tashi cikin fataucin goro, shi kuwa a nan ya yi firamare da sakandare, Yarbanci kuma a bakinsa kamar ruwa. Ranar da ya tashi neman shiga jami'a, ko aikin soja, ko ɗan tallafin karatu, sai a ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarsa. Ya tafi sakatariyar da ubansa ya shekara talatin yana biyan haraji da kuɗin rumfa, akawu ya dubi sunansa, ya ce masa, “Tafi garinku.” Ya ci bashin kuɗin mota ya nufi Arewa, garin da bai taɓa kwana bakwai a ciki ba. Mai unguwa ya tambaye shi, “Ɗan gidan wa?” Ya faɗi sunan kakansa, aka duba, gidan ya zama kango, tsofaffin da suka san shi sun riga mu gidan gaskiya. Daga nan abu biyu ya rage masa: ko ya ba da na goro a rubuta masa ƙarya, ko ya koma Kurmi ya rungumi baro a kasuwa. Kudu ta ce ba nata ba ne, Arewa ta ce ba ta san shi ba. Wane taron ƙasa da ƙasa ne ya taɓa zama a kan wannan yaro?

Abin takaici shi ne, a takarda babu abin da ya rasa. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon tafiya da zama a duk inda ya so cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Sashe na 43 ya ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Sashe na 15 ma ya ɗora wa hukuma nauyin tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin mazauni a kowane ɓangare na tarayya, sai dai an ajiye wannan sashe a babin da ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Amma wannan tsarin mulki da ya ba da da hannun dama, shi ne ya karɓe da na hagu. Sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma lalle ya zama ɗan asalin jihar. Sashe na 318 kuma ya ɗaure zama ɗan jiha da jinin iyaye da kakanni. Daga nan jihohi da ƙananan hukumomi suka sami igiya, suka ɗaure guraben karatu da aikin gwamnati da rangwamen kuɗin makaranta da wata 'yar takarda wadda shugaban ƙaramar hukuma ke bayarwa ko ya hana yadda ya ga dama.

Yanzu ku dubi wannan abin al'ajabi. Bisa sashe na 27, Balabane ko Ba'indiye da ya zauna a Nijeriya shekara 15, ya cika sauran sharuɗɗa, yana iya neman zama ɗan ƙasa a ba shi. Amma Bakatsine da zuriyarsa ta shekara ɗari a Badun ba shi da wata hanya, ko ta shekara dubu ce, da zai bi ya zama ɗan Jihar Oyo. Haka Ba'ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, haka Bayarabe na Tudun Wadar Zariya. Ƙofar ƙasa a buɗe take ga na nesa, ƙofar jiha kuwa an toshe ta da dutse ga ɗan gida.

Su masu komowa daga taro sukan yi mana bushara da dunƙulewar duniya kamar wani sabon wata ne suka gani. Wa za a koya wa tafiya? Tun kafin Bature ya ja layi a taswira, ayarin fatake ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi a Salaga su ɗauko goro. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, a hanyar goro ta Kumasi da Ankara da Ikko ya fara tara dukiyarsa. Rundunar da ake ƙirga tushen sojan Nijeriya daga gare ta, a Ikko aka kafa ta a 1863, kuma da Hausawa aka kafa ta. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai shanu suka riƙa gangarowa goro yana haurawa, zango ya tsiro a kowace tasha. Kakanninmu sun haɗa kasuwanni daga bakin hamada zuwa bakin teku ba da fasfo ba, da amana da fatoma da dillali kawai.

Wadda ake kira dunƙulewar duniya a yau kuwa, mun ga irin rabonta. Kaya da kuɗi su ke wucewa ba shamaki, talaka shi ake tsarewa a shinge. Atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙun Kakuri da Bompai da Sharaɗa suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002. Ina 'ya'yan ma'aikatan nan suka tafi? Ina 'ya'yan manoman auduga suka nufa? Ƙara da rikicin Boko Haram tun 2009, da 'yan bindigar da suka hana noma a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sai ka gane dalilin da ya sa ƙarƙashin kowace gada a Ikko da Fatakwal akwai yaro ɗan Arewa da babur ko akwatin gyaran takalmi. Kora ce ta kawo shi, kuma wanda ya kore shi yana sanye da kwat yana jawabi a kan buɗe kasuwanni.

Da ya iso kuma me ya tarar? A watan Agusta 2019 jami'an Jihar Legas suka tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da baburansu, aka tsare su ana bincike, daga baya aka sake su don ba a same su da laifin komai ba. Laifinsu kawai sun yi abin da sashe na 41 ya halatta musu. A Fabrairu 2021 gardama tsakanin mutum biyu a kasuwar Shasha ta Badun ta zama gobara, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, iyalai da suka shekara da shekaru a wurin suka hau manyan motoci suka yi Arewa. A Maris 2025 aka tare mafarauta a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Salla, aka kashe 16 daga cikinsu. Wanda hukuma ta riga ta rubuta shi baƙo a littafinta, ba wuya ɗan iskan gari ya rubuta shi abokin gaba.

Amma fa, 'yan'uwa, wannan shafi ba zai yi muku daɗin baki ba. In muka tsaya a nan mun yi rabin gaskiya, rabin gaskiya kuwa ƙanwar ƙarya ce. Abin da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa a 1966 yana cikin tarihi, ba mai kankare shi. Da aka yi rikicin Shagamu a Yuli 1999, waɗanda aka huce a kansu a Kano ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A Yuni 2017 wasu ƙungiyoyin samari suka taru a Kaduna suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, kuma ko da yake sun janye daga baya, wa ya kwana da fargaba a daren nan in ba mai shago a Sabon Gari da mai tireda a Anaca ba? Duk dutsen da aka jefa a Kano, a kan ɗan Arewa na Kurmi yake faɗowa. Wanda yake so a ba ɗansa takarda a Agege, wajibi ne ya yarda a ba ɗan Emeka takarda a Fagge. In ba mu yarda da wannan ba, to ba adalci muke nema ba, rabonmu kawai muke nema.

Kada kuma a ɗauka cutar nan tsakanin Kudu da Arewa kaɗai take. A 2011 gwamnatin Jihar Abiya ta sallami ma'aikata waɗanda ba 'yan asalin jihar ba, akasarinsu kuwa Ibo ne 'yan'uwansu daga jihohin maƙwabta. Rikicin Jos na 2001 da na 2008, tushensa gardamar wane ne ɗan gari wane ne baƙo. Kullum aka ƙirƙiro sabuwar jiha, sai a wayi gari an ƙirƙiro sababbin baƙi. Daga jihohi 12 a 1967 zuwa 36 a 1996, kowane yanka ya rage wa ɗan Nijeriya faɗin ƙasar da zai kira tasa.

Mun kuma san inda wannan hanya take ɓullewa, domin mun gani da idonmu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Hausawa da Yarbawa da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara suka sayar da gidaje a wulaƙance suka hau mota zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Muka yi Allah wadai. A Janairu 1983 sai mu ma muka yi irin ta, muka kori baƙi, ciki har da mutanen Gana wajen miliyan ɗaya, alhali tawadar yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ba ta gama bushewa ba. Har yau jakar da suka zuba kayansu a ciki tana ɗauke da sunan abin kunyar nan. Kafin wannan ma, a Janairu 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka kai shi aka ajiye a Cadi wai ba ɗan Nijeriya ba ne, sai da kotu ta mayar masa da haƙƙinsa. In ana iya yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai sayar da albasa a Mile 12? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

To, me masu kare wannan tsari ke cewa? Suna cewa in aka buɗe ƙofa, manyan ƙabilu masu yawa da kuɗi za su mamaye ƙanana, su ƙwace ƙasarsu da sarautarsu. Suna kuma cewa rabon muƙamai bisa jiha shi ya hana wani ɓangare cinye gwamnati shi kaɗai. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ba za mu yi masa dariya ba. Sai dai amsarsa a fili take. Ba wanda ya ce a naɗa Bahaushe Olubadan, ko a naɗa Ba'ibo Sarkin Kano. Sarauta da gadon gidan kakanni da al'adun gari su zauna a hannun masu su. Amma makarantar gwamnati da asibitin gwamnati da aikin gwamnati, da harajin kowa aka gina su, har da na mai rumfar goro. Mai karɓar haraji bai taɓa tambayar kowa takardar asali ba. Sai ranar rabo ake tunawa da ita. Game da rabon muƙamai kuwa, a bar shi, amma a ƙirga mutum a jihar da aka haife shi ko inda ya daɗe yana zaune yana biyan haraji, jiha ɗaya tak, kada ya ci nan ya ci can.

Kuma kada manyanmu na Arewa su ɓuya a bayanmu. Su ne suka fi kowa cin moriyar wannan tsari, domin guraben da ake warewa da sunan talakan jiha, 'ya'yansu ke shigewa. Ɗan ci-rani ana ƙirga shi in za a faɗi yawan Arewa, ana mantawa da shi in za a raba guraben Arewa. An yi wa tsarin mulki gyare-gyare a 2010 da 2018 da 2023, ba a taɓa wannan ƙulli ba. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba mutum matsayin ɗan jiha ta hanyar haihuwa ko aure ko zaman shekara goma. Aka yi masa ca daga kowace kusurwa har ya janye. Wakilai nawa ne daga cikin waɗanda ke zuwa zango neman ƙuri'a suka miƙe suka ce uffan?

Abin nan kuwa mai yiwuwa ne, domin an taɓa yi. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma da goyon bayan Ibo ya hau. A zamaninmu Ben Akabueze, ɗan asalin Anambara, ya riƙe kwamishinan kasafin kuɗi na Jihar Legas daga 2007 zuwa 2015, sama ba ta faɗo ba. Da aka zaɓi Rotimi Adebari magajin wani gari a ƙasar Ailan a 2007, shekara bakwai kacal da isarsa can, jaridunmu har rawa suka yi. Muna murna in Turawa sun yi wa ɗanmu abin da mu ba za mu yi wa maƙwabcinmu ba.

Saboda haka ga saƙonmu ga ɗaliban da ke shirin tafiya taro na gaba. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya, tafiya mabuɗin ilmi ce. Ku faɗa wa Turawa gaskiya a kan 'yan Afirka da ke nutsewa a Bahar Rum, da mutum 92, akasarinsu mata da yara daga kudancin Nijar, da ƙishirwa ta kashe a hamada a Oktoba 2013. Amma kafin ku hau jirgi, ku shiga motar haya ku zo Sabo, ku zo Idi Araba, ku je Sabon Garin Kano. Ku zauna da Sarkin Hausawa da shugabannin Ibo da na Yarbawa, ku ƙirga yara nawa takardar asali ta hana karatu, ku rubuta, ku kai wa majalisa, ku tsaya a ƙofarta kamar yadda na 1960 suka tsaya. In kun yi haka, jawabinku a Turai zai yi nauyi. In ba ku yi ba, duk wanda ya tambaye ku yadda kuke yi da baƙinku na gida ya gama da ku.

Mu kuma mazauna Kurmi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu daina zaman jiran ranar komawa gida alhali jikokinmu a nan ake haifarsu. Kowa ya karɓi takardar haihuwar ɗansa. Kowa ya adana rasiɗin harajinsa. Kowa ya mai da rajistar zaɓensa mazaɓar da yake kwana, maimakon cika mota zuwa Arewa duk ranar zaɓe, a bar unguwa ba mai magana da yawunta. Mu sa 'ya'yanmu makaranta, maza da mata, su koyi harshen gari, su san dokar ƙasa. Mu girmama al'adun waɗanda muka tarar, mu kuma tsame ɓata-gari daga cikinmu da hannunmu kafin a yi mana kuɗin goro. Duk ɗan takarar da ya zo zango da buhun shinkafa, a tambaye shi a gaban jama'a: ina matsayinka a kan takardar asali?

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. Gaskiya ne, amma raɓa ba ta shekara ɗari a wuri ɗaya. Wanda ya binne kakansa da ubansa a maƙabartar gari, ya haifi 'ya'yansa a cikinsa, ya biya harajinsa, ya wuce a kira shi baƙo. Ba mu roƙi a kira mu 'yan duniya ba. A kira mu 'yan Nijeriya, a Badun da Inugu kamar yadda ake kiranmu a Kano, ya wadatar.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, mu kuma ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.